"Ai Ya Tashi, Ba Komai": Jinin da Ke Ci Gaba da Zuba Cikin Ƙoƙon Kai

A wannan fitowar mun ɗan jingine labarin wasanni da na kacici-kacici, mun ɗauko wata magana ta lafiya. Tana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshenta.

Duk wanda ya zauna a Zuru ya taɓa ganin irin wannan. Yara biyu sun yi tsalle za su sa wa ƙwallo kai, sai kawunansu suka gwaru. Ko ɗan kabu-kabu ya zame da fasinja a hanyar Dabai. Ko an kayar da wani a kokawar Uhola, ƙeyarsa ta daki ƙasa. Ko kuma yaro ya faɗo daga kan mangwaro. Jama'a su taru, a yayyafa masa ruwa, ya buɗe ido, ya miƙe yana kaɗe riga. Sai ka ji an ce, "Allah ya kiyaye, ai ko jini bai fita ba." Kowa ya kama gabansa.

Sau da yawa gaskiya ne, ba komai ɗin. Amma akwai ranar da jinin da ba a gani a waje ba yana can ciki yana zuba, kuma abin da zai raba mai rai da gawa shi ne ko jinin nan zai tsaya da kansa ko ba zai tsaya ba. Buguwar kai tana faruwa cikin ƙiftawar ido. Zubar jinin da ke biyo bayanta kuwa takan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har makonni.

Ɗakin da ba shi da wurin baƙo

Ƙwaƙwalwar babban mutum tana da nauyin kusan kilo 1.4, kuma laushinta ya yi kama da na awara. Tana zaune cikin ƙoƙon kai, wanda ƙashi ne rufaffe da ba ya buɗewa. Abu uku ne suka cika ƙoƙon nan taf: ƙwaƙwalwar kanta, jinin da ke zagayawa cikin jijiyoyinta, da wani ruwa garai-garai da take iyo a ciki. Idan ka buge a cinya jini ya taru, cinyar za ta kumbura ta yi waje, ta sami wuri. A cikin kai babu waje. Duk cokalin jinin da ya zuba, ƙwaƙwalwa ce za ta matsa ta ba shi wuri. Da farko jiki yana dabara, ya rage wancan ruwan, ya rage jinin da ke cikin jijiyoyi, shi ya sa mutum yake magana lafiya lau har ya yi dariya. Idan dabarar ta ƙare, matsin ya hau da sauri, ya danne gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya.

Wurin da ya fi haɗari shi ne gefen kai, tsakanin ido da kunne. Ƙashin wurin siriri ne, kuma wata jijiya mai ɗauke da jini mai ƙarfi tana bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, mutum na iya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo ya yi hira, bayan sa'a ɗaya ko uku ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya rinjaye shi, daga nan ba a sake jin muryarsa ba. Likitoci sun san wannan tazara ta yaudara sarai, kuma tana cikin abubuwan da suka fi ba su takaici, domin wanda aka kai ɗakin tiyata a kan lokaci yakan warke sumul.

Yadda jini ke toshe ɓarakarsa

Kafin mu fahimci dalilin da jinin wani ke ƙin tsayawa, sai mun san yadda na mai lafiya ke tsayawa. Ka tuna ranar da reza ta yanke ka wajen fiƙe fensir. Abu uku ne suka faru ba ka sani ba. Jijiyar da ta yanke ta tsuke bakinta. Sannan wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke yawo cikin jini, waɗanda a ajin Bayoloji muke kira filatilet, suka ruga suka manne a bakin raunin. Suna da yawa ƙwarai: a ɗigon jini mai girman milimita ɗaya ta kowane ɓangare akwai tsakanin 150,000 da 450,000. Sai dai toshiyarsu ba ta da ƙwari, kamar a cusa ɗanyen laka ne a bakin kwata. Aiki na uku shi ne na wasu sinadarai da aka ba lambobi daga 1 zuwa 13. Wannan ya tayar da wancan, wancan ya tayar da na gaba, har a ƙarshe a samu wani zare mai suna fibirin da ke saƙa raga a kan toshiyar. Magina sun san wannan hikimar, shi ya sa suke cuɗa ƙasa da ciyawa kafin su ɗora katanga.

Yawancin sinadaran nan hanta ce ke ƙera su, kuma guda huɗu daga ciki ba sa ƙeruwa sai da bitamin K, wanda ake samu a ganyaye irin su alayyafo da zogale. Da zarar ɗaya ya ɓace a jerin, aikin ya tsaya a nan.

Darasin kububuwa

Mu 'ya'yan manoma mun riga mun san wata cutar rashin daskarewar jini, ko da ba mu kira ta da wannan suna ba. Ita ce saran kububuwa, macijiyar da wasu ke kira gobe-da-nisa. Wanda ta sara, bayan wasu sa'o'i sai a ga jini na fita daga dasashinsa, tsohon miki ya ɓalle, fitsari ya yi ja. Abin mamaki shi ne dafin nata ba hana daskarewa yake yi kai tsaye ba. Tayar da aikin daskarewar yake yi a duk faɗin jiki lokaci guda, har sinadaran su ƙare ƙaf. Kamar mai gida ne ya rabar da hatsin rumbunsa duka a rana ɗaya, ranar da yunwa ta zo babu ko tsaba. Cikin manyan abubuwan da ke kashe wanda kububuwa ta sara akwai zubar jini a ƙwaƙwalwa.

A shekarun 1970 wani likita ɗan Ingila mai suna David Warrell ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda shi da abokan aikinsa suka yi nazarin waɗanda wannan macijiya ta sara, suka wallafa sakamakon a 1977. Daga aikin nasu ne wani gwaji mai sauƙi ya yaɗu: a ɗebi jinin majinyaci kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20, sannan a karkata ta. Idan jinin ya kwarara kamar ruwa, dafi ya cinye sinadaran, sai a yi allurar kashe dafi. Har yau ana wannan gwajin a asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe, da ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Me ya kawo maciji cikin maganar buguwar kai? Dalili shi ne ƙwaƙwalwar da ta ji mummunan rauni tana yi wa jini kusan irin abin da dafin kububuwa ke yi. Naman ƙwaƙwalwa cike yake da sinadarin da ke kunna aikin daskarewa. Idan ya dagargaje, sinadarin ya tsiyaya cikin jini, aikin ya kunnu fiye da kima, kayan aikin su ragu. Jiki kuma, garin gyara, sai ya saki wasu sinadaran masu narkar da gudan jini, su shiga warware ragar da aka riga aka saƙa a bakin jijiyar da ta fashe. Sakamakon haka, mutumin da jininsa lafiya ƙalau yake da safe zai iya zama mai matsalar daskarewar jini da rana. Binciken likitoci ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na masu mummunan raunin kai suna shiga wannan hali, kuma su ne suka fi mutuwa. Haka nan idan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar siti sikan aka sake ɗauka bayan wasu sa'o'i, a cikin waɗanda naman ƙwaƙwalwarsu ya ƙuje, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi za a tarar jinin ya ƙaru. Yawancin ƙaruwar a yinin farko take faruwa, musamman sa'o'in farko.

Sanyi ma yana ƙara dagula lamarin, domin sinadaran daskarewa ba sa aiki sosai idan jiki ya yi sanyi. Saboda haka al'adarmu ta sheƙa wa wanda ya suma bokitin ruwa a bar shi cikin jiƙaƙƙun kaya, musamman da hunturu, cutarwa ce. A rufe shi da zane ya fi.

Waɗanda jininsu ya riga ya raunana

Akwai kuma mutanen da tun kafin su bugu jininsu ba ya daskarewa yadda ya kamata. A wurinsu, buguwar da wani zai shafa ya wuce tana iya zama ajali.

Na farko su ne masu himofiliya. Cuta ce ta gado, inda ake haihuwar yaro babu isasshen sinadari na 8 ko na 9. Kusan duk masu ita maza ne, amma ta wajen uwa take biyowa, uwar kuma galibi ba ta nuna alama sosai. Nau'in da ya fi yawa yana samun kusan ɗa namiji ɗaya cikin 5,000. A ƙasarmu da yawa ba a taɓa gwada su ba. Alamar farko sau da yawa a hannun wanzami take bayyana: an yi kaciya ko an cire belu, jini ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki. Daga baya sai gwiwa ko gwiwar hannu ta riƙa kumbura da zafi ba tare da wani dalilin kirki ba, a yi ta cewa sanyin ƙashi ne ko sammu. Idan a danginku na wajen uwa an taɓa rasa jariri namiji bayan kaciya, wannan labari ne da ya kamata likita ya ji. Kuma kada a haɗa ta da sikila, cututtuka ne daban.

Cutar ba ta san sarauta ba. Yarima Leopold, ƙaramin ɗa namiji na Sarauniya Biktoriya ta Ingila, yana da ita. A watan Maris na 1884 ya zame ya faɗi a garin Kan na ƙasar Faransa, ya bugu a gwiwa da kai. Washegari da asuba ya rasu yana ɗan shekara 30. A zamaninsa babu magani. Yanzu akwai allurar sinadarin da ya ɓace, ana samunta a wasu asibitocin koyarwa, kuma akwai Gidauniyar Himofiliya ta Nijeriya da ke taimaka wa iyalai su same ta. Ƙa'idar likitoci game da mai himofiliya da ya bugu a kai ita ce a yi masa allurar tukuna, kafin ma a ɗauki hoto. Ranar 17 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da masu wannan cuta a duniya.

Akwai wata 'yar'uwarta mai suna cutar Fon Wilbiran, wadda ta fi ta yawa kuma tana kama maza da mata. Yawan haɓo, jinin dasashi wajen goge baki, da jinin al'ada mai yawa da ke wuce mako guda suna cikin alamunta. 'Yan'uwa mata, wannan ba abin kunya ba ne, abin faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ne.

Sai jarirai. Ana haihuwarsu da ƙarancin bitamin K, nonon uwa kuma ba shi da shi da yawa. Shi ya sa ake yi wa jariri allurarsa ranar haihuwa a asibiti. Wanda aka haifa a gida bai samu ba, a makonnin farko zai iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa ko da bai faɗi ba.

Rukunin da ya fi kowanne yawa kuwa, a ganina, shi ne na masu shan magani. Asfirin yana kashe ƙarfin filatilet, kuma ƙwaya ɗaya tasirinta yakan kai mako guda, sai jiki ya ƙera sababbi. Dattawa da yawa masu hawan jini ko ciwon zuciya suna shan ƙaramin asfirin kullum bisa umarnin likita, wasu kuma suna shan warfarin ko makamantansa masu tsinka jini. Hodar Alabukun da ake sha don ciwon kai da gajiya, asfirin ne babban abin da ke cikinta. Ibufurofen da dikilofenak su ma suna rage ƙarfin filatilet, ko da yake nasu tasirin bai daɗe kamar na asfirin ba. Yanzu ku duba abin da muke yi: mutum ya bugu a kai, kansa na sarawa, sai a aika yaro kemis ya sayo masa ainihin maganin da zai hana jinin tsayawa. Idan dole sai an ba da wani abu don ciwon kai, farasitamol ne kawai.

Mai ciwon hanta ma yana cikin haɗari, ko ciwon ya samo asali daga ƙwayar cutar hanta ko daga yawan shan giya da burkutu, tunda masana'antar sinadaran ce ta lalace. Mashayi yana da matsala biyu: ya fi kowa faɗuwa, kuma idan ya faɗi ya rikice sai a ce maye ne, a bar shi ya kwana a haka.

Na tsofaffi a hankali yake zuwa

Idan mutum ya tsufa ƙwaƙwalwarsa takan ɗan motse, sai ƙananan jijiyoyin da suka haɗa ta da rufinta su miƙe kamar igiyar shanya. Ƙaramar buguwa, ko ta dokin ƙofa ce, tana iya tsinka ɗaya, jini ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. Shugaban ƙasar Barazil, Lula da Silva, ya faɗi a banɗaki a watan Oktoba na 2024 ya bugu a ƙeya. Ya ci gaba da aiki. Sai a ranar 10 ga Disamba, bayan mako bakwai, aka yi masa tiyatar gaggawa a birnin Sawo Faulo don zuƙe jinin da ya taru a kansa, yana da shekara 79. Shi yana da likitoci a gefensa dare da rana. Kakanninmu da ke ƙauye mu ne idonsu. Idan Kaka ya fara mantuwa kwatsam, ko yana jan ƙafa ɗaya, ko yana yawan barci, ko maganarsa ta canja, kafin a ce tsufa ne ko iska, a tambaya: ya faɗi a 'yan makonnin nan? Wannan nau'in ƙaramar huda a ƙoƙon kai takan warkar da shi.

Sa'a uku

Akwai wata allura mai araha, taranezamik asid, wadda wasu masana biyu 'yan Japan, mata da miji, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar a 1962. Aikinta shi ne hana jiki warware ragar fibirin. A 2019 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna CRASH-3, wanda ya ƙunshi majinyata 12,737 a asibitoci 175 na ƙasashe 29, har da Nijeriya. An gano cewa idan aka yi ta cikin sa'a uku da buguwa, tana rage mutuwa ga masu raunin da bai kai matuƙa ba, kuma gwargwadon saurin yin ta gwargwadon amfaninta. Ga wanda ya riga ya yi nisa ba ta yi wani tasiri ba. Ma'ana, maganin ya fi amfanar wanda har yanzu yake buɗe ido yana amsa kira, wato shi wanda muke cewa a kai shi gida ya huta.

Wannan ya shafe mu ƙwarai saboda inda muke. Babbar cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta yankinmu tana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma kowa ya san daga Zuru zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato tafiya ce ta sa'o'i, balle da damina. Wanda ya jira sai majinyaci ya daina magana sannan ya nemi mota, ya riga ya cinye lokacin a tsakar gida. Matakin farko shi ne babban asibitin garin nan, su duba, su yanke shawarar ko za a wuce gaba.

To yaushe za a tafi? Duk wanda ya suma, ko na daƙiƙa kaɗan ne, ko ya kasa tuna abin da ya faru, a kai shi. Haka wanda ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kansa ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko yake ta maimaita tambaya ɗaya, ko barci ke fizgarsa ana tashinsa da ƙyar. Jijjiga, raunin hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya, gani biyu-biyu, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk waɗannan na gaggawa ne. Amma mai himofiliya, da mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon hanta, da tsoho, da wanda maciji ya sara kwanan nan, su ba a jiran alama. Buguwar kanta ta isa dalili.

Kafin a isa, kada a ɗaga shi a zaunar ko a jijjiga shi, domin mai raunin kai yana iya samun karaya a wuya. A riƙe kai da wuya a miƙe. Idan amai ya zo a juya jikinsa gaba ɗaya zuwa gefe. Kada a ɗura wa wanda bai farfaɗo sosai ba ruwa ko madara. Kada a gasa kan da ruwan zafi, kada a kira wanzami ya yi ƙaho don a cire "mataccen jini": ƙaho fata kawai yake kaiwa, jinin kuwa yana bayan ƙashi, kuma ga mai matsalar daskarewa kowace tsaga sabuwar ɓaraka ce. Idan a kan titi ne, lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122. Wanda likita ya duba ya sallama zai iya barci, amma wani babba ya kwana kusa da shi yana dubawa a daren farko. Ɗan wasan da ya bugu kuma ba ya komawa fili a ranar, ko da shi ne mai ci wa gidansu ƙwallo a gasar gidaje.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa a baya cewa hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Da aka fara tilasta sanya ta a Nijeriya ranar 1 ga Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa sun riƙa kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'ai, har labarin ya kai kafofin yaɗa labarai na duniya. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta taɓa tare kwalta ba.

Roƙonmu ga malaman wasanni, masu kula da ɗakunan kwana da shugabannin ɗalibai shi ne su san ɗaliban da ke da tarihin zubar jini tun kafin wani abu ya faru. Mu kuma ɗalibai, idan mun je gida mu tambayi iyayenmu mata ko akwai irin wannan a dangi, mu kuma duba magungunan da Baba ko Kaka ke sha kullum. Ranar da aka yi buguwa, wani ya dubi agogo ya rubuta lokacin a takarda, ya rubuta ko an suma da sau nawa aka yi amai, a haɗa da kwalin duk maganin da mutumin ke sha a miƙa wa ma'aikacin lafiyar da ya fara karɓarsa.